Kango yana da suna: zare kan hotunan da muke ɗauka a wuraren da aka gudu aka bari

1/ Jama'a ku matso, zaren yau mai tsawo ne. Magana ce kan wannan yayin da ya shigo na ɗaukar hoto a kango: tsohuwar masana'anta, tashar jirgin ƙasa da ta mutu, ajin makarantar da iska ta yaye wa kwano. A sha kwalliya, a jingina da ƙofa mai tsatsa, a mayar da hoton baƙi da fari, a ɗora. Laik ya yi ta zuba. 🧵

2/ Bari in faɗi matsayina tun yanzu, kar wani ya karanta rabi ya hau ni da zagi. Ban ce a daina ba. So ma nake a ƙara ɗauka, musamman mu 'yan gabashin Sakkwato. Amma kowane kango yana da suna, yana da masu shi, yana da lokacin da aka rufe ƙofarsa, yana da dalilin rufewar. Hoton da ya zubar da waɗannan huɗun ya cuci wurin da mutanensa.

3/ Mu fara da inda yayin ya yi ƙarfi. Detroit, birnin ƙera motoci a Amurka. A 1950 mutanensa sun kai kusan miliyan 1.8. A ƙidayar 2020 ba su cika dubu 640 ba. Masana'antu suka ƙaura, mutane suka bi su, a 2013 birnin da kansa ya je kotu ya ce ya tsiyace, ba zai iya biyan basussukansa ba.

4/ Sai masu kamara suka yi caa a kansa. Daga Turai ma zuwa ake yi. Wasu Faransawa biyu, Yves Marchand da Romain Meffre, sun fitar da littafi guda na hotunan kangayen birnin a 2010. Gidan wasan kwaikwayo da silin ɗinsa ya rufto, ɗakin karatu da littattafai a zube, aji da kujeru a kife. Hotuna masu kyau ƙwarai, wannan ba a musu.

5/ Amma mazauna birnin da yawa sun ji haushin wannan yayi, har aka raɗa masa sunan zagi, ana kwatanta shi da batsa: batsar kangaye. Ƙorafinsu shi ne, baƙo ya zo ya ɗauki bango ya kauce wa mutum. Dubban ɗaruruwan mutane na nan suna kai yara makaranta, suna zuwa aiki, amma a hoto sai ka rantse ko kare babu a garin.

6/ A gefe guda akwai wani mai hoto haifaffen Chile, Camilo José Vergara. Tun shekarun 1970 yake bin unguwannin talakawa a biranen Amurka. Salonsa: ya tsaya a wuri ɗaya, ya ɗauki gini ɗaya, bayan shekaru ya dawo daidai wurin ya sake ɗauka. Ka jera hotunan sai ka ga shago ya zama coci, coci ya zama kango, kango ya zama fili. Riƙe sunan mutumin nan, za mu dawo kansa.

7/ To mu namu Detroit ɗin fa? Kakuri ce, a Kaduna. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, zamanin Sardauna, haɗin gwiwar gwamnatin Arewa da wani kamfanin Ingila. Wasu masaƙun suka biyo baya: UNTL, Arewa Textiles, Nortex da sauransu. Lokacin canjin aiki titi ba ya biyuwa saboda kekunan ma'aikata. Tambayi duk dattijon da ya zauna Kaduna a shekarun 1980.

8/ KTL ta rufe a 2002. UNTL ta rufe a 2007, an sake buɗe ta daga baya amma ba ta koma yadda take ba. Tsofaffin ma'aikatan KTL sun shafe shekaru suna zanga-zangar neman haƙƙoƙinsu na sallama, da yawa sun rasu suna jira, matansu suka ci gaba da bin sawu.

9/ Kuma ba aljanu ne suka kashe masaƙun nan ba. Rashin wutar lantarki. Tsadar baƙin man da ake kunna tukunyar injin da shi. Karyewar naira bayan tsarin SAP na 1986, wanda ya sa kayan gyara suka gagara. Atamfar fasa-ƙwauri mai arha daga Sin da ta cika Kantin Kwari. Ga kuma rashin iya shugabanci a cikin gida. Kowanne yana da masu hannu a ciki.

10/ Saboda haka in ki je Kakuri, ko Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano, kin ɗauki hoton kafin aure a gaban get mai tsatsa, ba ki yi zunubi ba 'yar uwa. Amma ki sani a bayanki akwai albashin wani da ba a biya ba. Layi biyu a ƙasan hoton, sunan wurin da shekarar da ya rufe, ba zai rage miki kyau ba.

11/ Wani zai ce: kai ɗan Gobir, ina ruwanka da Kakuri? Da ruwana. Jirgin ƙasa ya iso Kaura Namoda tun 1929 don kwasar gyaɗa da auduga. Daga Kaura hanya ta miƙe Shinkafi, Isa, Sabon Birni. Auduga ta tafi injin gurza a Gusau ko Funtua, ta wuce masaƙa. 'Yan ci-raninmu su bi ta a baya su samo na sutura da na aure.

12/ Da masaƙa ta mutu, mai gurza ya rufe, manomi ya daina shuka abin da ba mai saye, jirgi ya daina zuwa, ɗan ci-rani ya koma tura baro da acaɓa. Ban ce wannan kaɗai ne ya haifar mana da 'yan bindiga ba, abin ya fi haka sarƙaƙiya. Amma tsatsar da ke get ɗin Kakuri ta iso har zauren gidajenmu.

13/ Yanzu mu dawo gida. A Isa da Sabon Birni ba mu da manyan masana'antun da za su zama kango. Namu kangayen kashi uku ne a ganina, kuma kowanne da irin hoton da ya dace da shi:
Na ɗaya, kufan tarihi.
Na biyu, kangon gwamnati.
Na uku, kufan gudun hijira.

14/ Na ɗaya. Alƙalawa tana nan a ƙasar Sabon Birni, kusa da gulbin Rima. Babban birnin Gobir, fadar su Bawa Jan Gwarzo, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya sha zuwa. Ta faɗi a hannun masu jihadi a 1808, aka kashe Sarki Yunfa. Daga nan Gobirawa suka watsu, wasu suka kafa Tsibiri can kusa da Maraɗi, wasu daga baya suka kafa Sabon Birni.

15/ Tambaya: mu nawa ne a nan, 'yan Sabon Birni da Isa, ke da hoton Alƙalawa ko ɗaya a waya? Amma muna da hoton hasumiyar Faris da ba mu taɓa zuwa ba. Birnin da sunansa ke cikin kowane littafin tarihin Arewa, ɗalibi a Legas na haddace shi don jarrabawa, mu da ke maƙwabtaka da shi ba mu ajiye komai ba.

16/ Darasin Alƙalawa shi ne wannan, kuma shi ne ƙashin bayan zaren nan: ginin ƙasa ba ya jira. Babbar tashar jirgin ƙasa ta Detroit ta rufe a 1988, ta tsaya shekara 30 babu kowa, kamfanin Ford ya saye ta a 2018, ya gyara, aka sake buɗewa a 2024. Dutse da ƙarfe ne, sun iya haƙuri.

17/ Gidan tubali fa? Duk wanda ya tashi ƙauye ya sani. In ba a yi yaɓe ba, ba a gyara indararo ba, damina kaɗan ta ishe shi. Gara ta ci azara, soro ya rufta, katanga ta zube, rumbu ya kife, geza da sabara su tsiro a tsakar gida. Bayan 'yan shekaru sai tudu, sai bishiyar da ke ƙofar gida in ba a sare ta ba.

18/ Wato Bature yana da shekara talatin na yin gardama kan ko hoton kango ya dace. Mu ba mu da wannan sararin. Ƙauyen da aka tasa bana, in ba a ajiye kamanninsa ba, yaron da aka goya aka gudu da shi zai girma bai san yadda ƙofar gidan ubansa take ba.

19/ Na biyu, kangon gwamnati. Kun san su. Asibitin sha-ka-tafi da aka gina aka yi fenti ba a taɓa kawo ma'aikaci ba, awaki ke kwana ciki. Aji biyu da aka kai linta aka tsaya, rodi ya yi tsatsa. Tankin ruwa mai sola da aka kwance faifan. Kwalbatin da aka haƙa aka bari ya zama tarkon mota.

20/ Wannan shi ne kangon da ya fi cancantar kamara, kuma shi muka fi rainawa saboda ba ya ba da kala a hoto. Shawarata: kafin ka ɗauki ginin, ɗauki allon kwangilar in yana nan. Sunan aikin, ma'aikatar da ta bayar, ɗan kwangila, shekara. Allon nan ya fi ginin daraja a wurin mai bincike.

21/ Don kar ku ce surutu ne kawai: ku tuna Bagega, a ƙaramar hukumar Anka ta Zamfara. Gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a jihar tun daga 2010. An yi alkawarin kuɗin tsabtace Bagega, kuɗi suka maƙale. Matasan Follow The Money, su Hamzat Lawal, suka je suka tattara bayani da hotuna, suka tayar da ƙura a intanet tare da wasu ƙungiyoyi. Farkon 2013 aka saki kuɗin.

22/ Abin lura, ba kyan hoto ne ya yi aikin ba. Sunan gari, adadin kuɗi, sunan hukumar da ke riƙe da su, da naci. Yau akwai Tracka ta BudgIT da ke bin ayyukan mazaɓu, akwai dokar 'yancin samun bayanai tun 2011. Kayan aiki na nan. Hoto mai cikakken bayani shi ne abin da suke buƙata daga wurinmu.

23/ Na uku, kuma nan ne bakina ke nauyi. Kufan gudun hijira. Ƙauyukan da aka kwana aka tashi babu kowa. Tukunya a kan murhu, allon yara jingine a bango, turmi a kife, masallaci da tabarmi a shimfiɗe. Masu gidajen nan ba tarihi ba ne. Suna raye. Suna cikin garin Isa da Sabon Birni a raɓe, suna Sakkwato, suna Gidan Rumji da sauran garuruwan jihar Maraɗi.

24/ Wanda ba ɗan yankin ba, ga kaɗan daga abin da ya kore su. Mayun 2020, hari a kan Garki da ƙauyukan da ke kusa da ita, mutane sama da 60 a rana ɗaya. Disambar 2021, aka ƙona matafiya a cikin mota kusa da Gidan Bawa, aƙalla 23. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannunsu. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya.

25/ Ku lura da wani abu mai ciwo. Hoton ƙarshe da duniya ta gani na basaraken nan, waɗanda suka sace shi ne suka ɗauka. Su ma suna da kamara. Suna TikTok, suna nuna kuɗi da makamai, mu kuma muna taya su yaɗawa. In muka yi shiru, tarihin ƙasarmu na wannan zamani zai kasance a bidiyon waɗanda suka rusa ta.

26/ Ku tuna kuma Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato. Mutanen bakin iyaka sai da layin Nijar suke samun gaisawa da 'yan uwa. Abubuwa da yawa sun faru a watannin nan da ba su da hoto, ba su da murya. Abin da ba shi da shaida kuwa, gobe wani zai tsaya gaban makirufo ya ce bai faru ba.

27/ Kuma in Allah Ya kawo sauƙi aka koma, don za a koma in sha Allah, rigima ta biyu na jira. Ina iyakar gidan wane? Rijiyar nan ta waye? Gonar marayun nan daga ina ta fara? Dattawan da suka san amsa suna ƙarewa a gudun hijira. In an zo rabon tallafin sake gini, wa zai tabbatar ɗaki nawa ne a gidan da ya zama tudu?

28/ Na san abin da wasunku ke shirin rubutawa a ƙasa, bari in taya ku.
"Kuna ɓata sunan yankinmu."
Ɗan uwa, sunan ya riga ya ɓaci, kuma ba mai waya ne ya ɓata shi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In muka rufe, wa zai kawo kwano? Amma ƙorafin yana da ƙanshin gaskiya, zan dawo kansa a lamba 38.

29/ "Hoto fasaha ce, ba rahoton 'yan sanda ba ne. Bar mutane su ji daɗi."
Na yarda fasaha ce. Hasken la'asar a kan tsohon bango yana da kyau, ni ma ina gani. Ba wanda ya hana hoto yin kyau. Amma akwai bambanci tsakanin tashar jirgin da ta mutu da ɗakin matar da aka kashe mijinta a ƙofarsa. Na biyun ba wurin gwada sabuwar shadda ba ne.

30/ Gwaji mai sauƙi kafin ka ɗora: da mai gidan zai ga hoton nan da abin da ka rubuta a ƙasa, a wayar ɗansa, a inda yake gudun hijira, me zai ji? In zai ce "Allah Ya yi maka albarka, ka nuna wa duniya", ɗora. In zai yi shiru ya miƙa wayar, goge.

31/ "Akwai hatsari."
Wannan ita ce magana mafi nauyi, kuma ba ni da gardama a kanta. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Babu hoton da ya kai ranka. Kar wani ya karanta zaren nan ya hau mashin ya nufi kufai don ya burge mu. Inda masu garin da kansu ba sa shiga, kai ma ba ka da abin yi a can.

32/ Hatsarin ba naka kaɗai ba ne. Ka nuna fuskar wanda ya raka ka, gobe a ce shi ke kai rahoto. Ka nuna rumbun da ya rage da hatsi, ka yi wa ɓarayi talla. Ka nuna hanyar da mutane ke satar jiki su je gona, ka toshe musu ita. Su ma suna kallon abin da muke ɗorawa, kuma suna da masu kai musu labari a cikinmu.

33/ To ga inda maganata ke neman cin karo da kanta: na ce a faɗi sunan wuri, na kuma ce a ɓoye. Mafita ita ce a raba biyu. Akwai hoton ajiya, akwai hoton ɗorawa. Na ajiya ya ɗauki komai: gari, unguwa, mai gida, rana. Na ɗorawa ya tsaya a abin da ba zai cutar da kowa ba, ko da ƙaramar hukuma da shekara ne kawai. Kangon gwamnati a cikin gari kuwa, faɗi sunansa da babbar murya.

34/ Ƙaramin ilimi da zai amfane ku: wayarka tana liƙa wa hoto bayanan ɓoye, rana, lokaci, irin wayar, har da daidai wurin da ka tsaya in lokeshan na kunne. Manyan shafuka kamar Facebook suna cire su daga abin da jama'a ke saukewa. Amma in ka tura hoto a WhatsApp a matsayin dokumen, da bayanan yake tafiya. Don ajiya wannan alheri ne. Don turawa a guruf, hatsari ne.

35/ Sauran ƙa'idojin da nake ganin sun kamata:
A nemi izinin mai wuri ko mai unguwa.
Ba fuskar yaro, ba fuskar mace, sai da yardar gaske, ba yardar kunya ba.
Ba gawa, ba jini. Mamaci yana da haƙƙi.
Ba shingen jami'an tsaro ko sansaninsu.
Kar a ɗauki ko cokali daga kufai. Kayan mutane ne.
Kar a gyara wuri don hoto ya ƙara ban tausayi.

36/ Sannan a yi irin na Vergara da na ce ku riƙe sunansa. Zaɓi gini ɗaya a garinku da za ka iya zuwa lafiya: ajin da ya rushe, asibitin da aka kulle. Tsaya wuri ɗaya, ɗauka. Bayan damina ka sake. Baɗi ka sake. Hoto ɗaya, shugaba zai ce tsoho ne. Hoto shida a jere da kwanan wata, sai dai ya canza zance.

37/ A haɗa da murya. Zauna da tsohuwa a inda ta samu mafaka, nemi izini, kunna rikoda, tambaye ta yadda garinsu yake. Za ka ji irin: "Nan ga rijiya take, gabas da ita gidan liman, can munka daka hura ranar da munka taso." Minti goma na irin wannan ya fi hoto ɗari. Ta zana maka taswirar garin da baki, kai kuma ka zana a takarda ka nuna mata ta gyara.

38/ Na yi alkawarin dawowa kan masu cewa ana ɓata suna. Inda suke da gaskiya shi ne nan: in kango kaɗai muke nunawa, mun yi irin laifin baƙin Detroit. Sabon Birni ba kufai ba ce. Isa ba kufai ba ce. Ana cin kasuwa, ana noman albasa da tafarnuwa a fadama, ana ɗaurin aure, yara na zana jarrabawa, Gobirawa da Yarbawa na nan suna tsokanar juna.

39/ Saboda haka duk hoton kango ɗaya, a raka shi da na mai rai. Malamin da ke koyarwa a ƙarƙashin bishiya kusa da ajin da ya rufta. Magini da ke sake ɗora tubali. Matar da ta fara suyar ƙosai a garin da ta zo baƙunta. Da izininsu, kuma in babu hatsari. Haka ne mai kallo zai gane akwai waɗanda za a yi wa gyaran, ba makoki kawai ake ba.

40/ Batun ajiya. Facebook ba rumbu ba ne. Ana rufe akawun, ana sace waya, memori na lalacewa. A ajiye kwafi a wuri biyu ko uku, a sa wa kowane hoto suna mai ma'ana maimakon lambobin da waya ke bayarwa. Muna da Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, muna da Arewa House da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna. Ƙungiyoyin ɗalibanmu su ƙwanƙwasa ƙofarsu, su tambayi yadda ake adana irin wannan.

41/ Ku 'yan uwana ɗalibai, musamman na tarihi, labarin ƙasa, aikin jarida da Hausa: kowace shekara muna neman taken firojet, muna kwafo abin da aka yi sau hamsin. Ga aiki a ƙofar gida. Sunayen unguwannin ƙauye ɗaya da aka tasa, rijiyoyinsa, masallatansa, zuriyoyinsa, inda kowa ya nufa. Ba sai ka taka kufan ba, mutanen suna kusa da kai.

42/ Ga wanda za a iya yi yau ba tare da an fita ko'ina ba. Buɗe tsofaffin hotunan wayarka, da na yayyenka, da tsohon memorin da ke cikin durowa. Hoton Sallah a ƙauye a 2016, bikin ƙanwarka, ranar kasuwa, wasan ƙwallo a filin firamare. A lokacin kai kake kallo a hoton. Yanzu duba bayanka: katangar nan, bishiyar nan, zauren nan. Wataƙila hotonka ne kaɗai ya rage da ke nuna su a tsaye.

43/ Rubuta sunan garin da shekarar. Tambayi Inna ko Baba su faɗa maka gidan waye ke bayanka. Tura wa 'yan garin, za su fi kowa murna da shi. In babu hatsari, ɗora a ƙasan zaren nan da sunan ƙaramar hukuma da shekara, mu ga abin da za mu iya tarawa.

44/ Masu hoton Kakuri da Sharaɗa da tashar Kaura, ku ci gaba, hannunku na kyau. Ku dai ƙara mana layi biyun nan a ƙasa. Wanda ke da gyara kan wata shekara ko wani suna da na kawo, ko yake ganin na yi tsauri, ga fili nan, a yi magana cikin mutunci.

Allah Ya zaunar da ƙasar Gobir da Arewa lafiya, Ya mayar da kowa ɗakinsa. Amin.